Yadda Ake Shaƙar Maganin Asma Ya Kai Can Ƙasan Huhu

Da yawa daga cikin masu asma da ke cewa inhela, wato abin shaƙar magani, ba ta yi musu aiki, ba maganin ne ya gaza ba, isa ne bai yi inda ciwon yake ba. Mutum ya fesa a baki, ya ji ɗanɗano a harshe, ya ɗauka ya sha magani, alhali mafi yawansa ya manne a maƙogwaro, ya bi yawu ya gangara ciki. A inhelar feshi ta gama-gari, ko a hannun wanda ya iya, abin da ke shiga huhu bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. To ina ga wanda ba a taɓa nuna masa ba.

Hanyoyin iska a ƙirji kamar bishiya suke da aka kifa: babban bututu daga maƙogwaro ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, har kusan sau 23 kafin a kai 'yan buhunan da jini ke ɗaukar iska. Daga wajen rabuwa ta takwas zuwa ƙasa, faɗin kowace hanya bai kai milimita 2 ba. Waɗannan su ne ƙananan hanyoyin iska. Na can ƙasa cikinsu ba su da guringuntsin da zai tokare su, don haka da zarar bangonsu ya kumbura ko majina ta taru, sai su rufe a lokacin fitar da numfashi. Iska ta shiga, ta kasa fita duka. Shi ya sa mai ciwon yake jin ƙirjinsa a cike, yana haki in ya hau bene ko ya ɗauki bokitin ruwa, yana farkawa da tari gabanin asuba, ko da ba a jin fito a ƙirjinsa.

Saboda yawansu, ƙananan hanyoyin nan suna iya lalacewa sosai kafin gwaji ya nuna. Ɗan bututun da ake hurawa a auna ƙarfin numfashi a gida, manyan hanyoyi ya fi aunawa, yana iya nuna lamba mai kyau alhali ƙasa a toshe take. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe da dama, aka wallafa a 2019, ya sami alamun matsalar ƙananan hanyoyi a wajen mutum tara cikin goma na masu asma da aka gwada. A ciwon toshewar huhu na dindindin kuwa, wanda likitoci ke kira COPD, nan ne ma ainihin inda toshewar take. Shi ne ciwon da ake gani a jikin wanda ya daɗe yana shan taba, da matar da ta shekara ashirin ko talatin tana girki da itace ko kara a ɗakin girki marar taga, da wanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu.

Tun da an ambaci tarin fuka: duk wanda ya wuce mako biyu yana tari, musamman in da rama, zufar dare ko jini a kaki, a fara gwada kakinsa kafin a ɗora shi kan inhela. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ciwon zuciya ma yana kawo haki da fito ga tsofaffi, kuma inhela ba ta yi masa komai.

Abin da ke kai magani ƙasa

Abubuwa uku ne. Na farko girman ƙwayar maganin. Ƙwayar da ta haura maikiron 5 (kaurin silin gashi ya kai wajen maikiron 70) a baki da maƙogwaro take tsayawa. Tsakanin 1 da 5 ita ke shiga huhu, wadda ba ta kai 2 ba kuwa ita ta fi kutsawa can ƙasa. Na biyu saurin jan numfashi: in aka fizgi iska da ƙarfi, ƙwayoyin ba sa iya karya kwanar maƙogwaro, sai su daki bango su manne. Na uku riƙe numfashi. Ƙwayoyin da suka shiga ƙasa suna buƙatar lokaci su kwanta a jikin bangon hanyar. In aka fitar da numfashi nan take, tare da iskar za su fito.

Na farkon yana hannun kamfanin da ya yi maganin. Sauran biyun suna hannunka.

Ka san irin maganin da ke hannunka

Salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, shuɗiya, tana buɗe hanya cikin 'yan mintuna, aikinta ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Kowane feshi maikirogiram 100 ne, gwangwani yana da feshi 200. Ba ta taɓa kumburi ko kaɗan. Mai dogaro da ita kaɗai yana samun sauƙi na awanni, kumburin yana nan yana cin ƙananan hanyoyi. Tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya, GINA, ta daina amincewa a bar babba ko matashi a kan salbutamol ita kaɗai. Wanda ke ƙarar da gwangwani uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin tashin ciwo mai tsanani, ko da yana ganin lafiyarsa ƙalau.

Maganin kumburi shi ne sitiroyid na shaƙa: beclometasone, budesonide, fluticasone. Ba a jin aikinsa a take. Sauƙi yana fara bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu, cikarsa sai an yi watanni, kuma a nan mutane ke yar da shi su ce ba ya aiki. Ana shan sa kullum, da ciwo da babu. Akwai kuma haɗi: budesonide da formoterol, irin Symbicort, wanda likita zai iya ba da shi ya zama na kullum kuma na gaggawa, domin formoterol yana buɗe hanya da sauri. Babba ba ya wuce shaƙa 12 a jimlace cikin yini guda, kuma wanda ya kai takwas ya nemi likita. Seretide ba a yin haka da shi, saboda salmeterol ɗin da ke ciki yana jinkirin fara aiki; mai shan sa dole ya riƙe shuɗiyarsa a aljihu. Kada ka dogara da launi kawai, kamfanoni sun bambanta, karanta sunan da ke jikin gwangwanin.

Su kuwa ƙwayar salbutamol da ruwanta da ake saye a kemis, a duba lissafi: ƙwaya ɗaya mai miligiram 4 ta ninka feshi ɗaya sau 40, ta bi jini ta zaga jiki duka, ta sa rawar hannu da bugun zuciya, kuma ta fi feshin jinkiri. Masu cewa inhela maganin ƙarshe ne, ko in aka fara ba a dainawa, sun juya zancen. Ita ce mafi ƙarancin magani da mafi ƙarancin illa. Abin tsoro shi ne sitiroyid na haɗiya, prednisolone ko dexamethasone, da mutum ke saye da kansa yana sha wata da watanni: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi.

Inhelar feshi

Ka zauna a miƙe ko ka tsaya. Cire murfi, leƙa cikin bakin, domin abin da ke yawo a aljihu ko jaka yakan shiga, kuma an sha shaƙar ɗan tsinke ko takarda. Riƙe ta gwangwani a sama, baki a ƙasa, ka girgiza sosai sau biyar ko fiye. In sabuwa ce, ko ta daɗe ba a taɓa ta ba, a fesa a iska gwargwadon yadda takardarta ta ce, yawanci sau biyu zuwa huɗu.

Fitar da numfashi a hankali har ka ji ƙirji ya sauka, ba cikin inhelar ba. Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma ga mai iska maƙale a huhu shi ne mafi muhimmanci: huhun da ke cike ba shi da wurin karɓar sabuwar iska mai ɗauke da magani. In fitarwar tana wuya, a tsuke leɓe a hura a hankali, hakan yana hana ƙananan hanyoyi rufewa da wuri.

Ɗaga haɓa kaɗan. Sa bakin inhelar tsakanin haƙora, leɓe ya rufe, harshe ya kwanta ƙasa. Fara jan iska a hankali, da zarar ka fara sai ka danna sau ɗaya, ka ci gaba da ja na sakan 4 zuwa 5 har ƙirji ya cika. Cire ta, rufe baki, riƙe numfashi sakan 10 ko iya abin da za ka iya. In feshi biyu aka rubuta, jira rabin minti, sake girgizawa, ka maimaita daga farko. Danna biyu a numfashi ɗaya asarar na biyun ne.

Yi a gaban madubi. In ka ga hazo yana fita ta baki, ta hanci ko ta saman gwangwani, dannawar da jan iskar ba su haɗu ba. Wasu kuma sanyin feshin na dukan maƙogwaronsu sai su tsaya cak, numfashin ya yanke a tsakiya. Duka biyun maganinsu ɗaya: sifesa.

Sifesa, da yadda ake yin ta da gorar ruwa

Sifesa gora ce ta roba da ake sa inhela a gindinta, a shaƙa ta bakinta. Feshin yana fitowa da gudu, a cikin gorar yake rage sauri, manyan ƙwayoyi su manne a jikinta maimakon maƙogwaro, ƙananan su tsaya a iska har a ja su. Ba ta yara kaɗai ba ce. Duk mai shan sitiroyid na feshi ya kamata ya mallake ta, haka tsofaffi, haka kowa a lokacin da ciwo ya tashi.

Ana girgiza inhela, a haɗa, a sa baki, a danna sau ɗaya, a ja a hankali nan da nan a riƙe. Jinkirin 'yan sakanni ma yana sa maganin ya kwanta a bango. Wanda ba zai iya riƙe numfashi ba ya yi numfashi na yau da kullum sau biyar ko shida a cikinta, sannan a sake dannawa. Wasu sifesa suna yin fito, ba alamar aiki ba ce, gargaɗi ne cewa ana ja da sauri. Yaron da bai kai shekara huɗu ba sai da marufin fuska da zai rufe hanci da baki ruf, ba tare da ɓula ba. Uwa ta ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinta. Yaro mai tsala kuka ba ya samun maganin kirki, domin kuka fitar da iska ne mai tsawo da ja gajere mai sauri. Gara a lallashe shi tukuna in hali ya ba da dama.

Roba tana jan ƙwayoyin magani su manne mata. Don haka ake wanke sifesa da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke kafin amfanin farko, sannan wajen sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a goge cikinta da tsumma, gogewar ce ke dawo da jan. Bakin kawai ake gogewa.

In ba a samu ta saye ba, gorar ruwa ko ta lemo mai mililita 500 tana yi. Likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta a kan yara masu tashin asma, suka wallafa a 1999 cewa aikinta ya yi daidai da na sifesar kamfani. A wanke gorar, a cire murfin. A lanƙwasa waya daidai siffar bakin inhelar, a gasa ta a wuta, a dangwala a gindin gorar ta huda, a tura bakin inhelar tun robar tana da laushi domin ya zauna dam. In an bar kafa, a toshe da salatif. A wanke da ruwan sabulu a bar ta ta bushe, sai a shaƙa ta bakin gorar. Wuƙa tana barin rami mai gefe-gefe da iska ke bi, shi ya sa aka fi son waya.

Inhelar gari

A nan dokar ta juye. Babu abin da ke tura maganin, ƙarfin numfashinka ne ke farfasa garin ya zama ƙanana, don haka ja ake yi da ƙarfi da zurfi tun daga farkon numfashin. Wanda ya ja a hankali gari zai tara a harshe. Ba a girgizawa, ba a sa ta a sifesa, kuma ba a hura numfashi a ciki, domin laimar baki tana dunƙule garin.

Turbuhaler, wato inhelar gari mai gindin murɗawa, a tsaye ake riƙe ta lokacin lodi, a murɗa gindin zuwa ƙarshe a dawo har a ji ƙas. Sau da yawa ba a jin ɗanɗanon komai, wannan ba ya nufin ba ta fita ba. Mai kafso, kamar tiotropium mai maikirogiram 18, ana ɓare kafson ne a lokacin da za a sha, a sa, a huda sau ɗaya, a ja har a ji yana kaɗawa a ciki, a sake ja karo na biyu don a kwashe saura. Kafson nan ba na haɗiya ba ne, kuma ana samun masu haɗiye shi da ruwa watanni ba wanda ya lura.

Tsoho mai COPD mai tsanani, da ƙaramin yaro, da wanda ciwo ya tasar masa, sau da yawa ba su da ƙarfin jan da inhelar gari ke so. Irin waɗannan a mayar da su kan feshi da sifesa, ko Respimat mai fitar da hazo a hankali.

Bayan kowane sitiroyid, na gari ko na feshi, a kurkure baki har maƙogwaro a tofar. Rashin yin haka ke kawo farin kumfa a harshe da dishewar murya.

Masu ƙananan ƙwayoyi

Akwai inhelolin da aka ƙera ƙwayoyinsu tsakanin maikiron 1 da 1.5 domin su kai ƙasa: Qvar, Alvesco, Foster, da Trimbow mai magani uku. A Qvar fiye da rabin feshin na iya shiga huhu. Saboda haka lambobinsu ba daidai suke da na sauran ba: maikirogiram 100 na Qvar ya kai wajen 200 zuwa 250 na beclometasone na gama-gari, kuma sauya ɗaya da ɗaya a kemis ba da lissafin likita ba yana ninka magani ko ya rage shi rabi. Suna da amfani ga wanda ke shan maganinsa daidai, ya iya shaƙa, amma har yanzu yana farkawa da dare ko yana haki. Sai dai suna da tsada, ba ko'ina ake samunsu ba, kuma fifikonsu a kan sauran bai kai girman da talla ke nunawa ba. Kafin a kashe kuɗi a kansu, a tabbatar an gyara shaƙa, an sami sifesa, ana sha kullum. Beclometasone mai araha da aka shaƙa daidai ya fi mai tsada da ya ƙare a harshe.

A COPD tsarin ya bambanta da na asma. Ginshiƙin magani shi ne masu buɗe hanya na dogon zango, tiotropium da ire-irensa, ko haɗinsu da irin su formoterol. Sitiroyid na shaƙa ana ƙara shi ne ga mai yawan tashin ciwo, musamman in gwajin jini ya nuna wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira eosinophil sun kai 300, domin yana ƙara haɗarin ciwon nimoniya. Tiotropium yana busar da baki, kuma dattijo mai matsalar fitsari ko mai hawan jinin ido ya faɗa wa likita tun farko. A asma kuwa, ba a taɓa ba da mai buɗe hanya na dogon zango shi kaɗai ba tare da sitiroyid ba. Kuma babu inhelar da za ta riƙe huhun da ake ci gaba da cika shi da hayaƙin taba, na murhu, na janareta a bakin taga, na maganin sauro na kunnawa ko turaren wuta a rufaffen ɗaki. Da hunturu, a fara kiyaye maganin kullum tun kafin hazo ya sauka, a rufe hanci in za a hau babur. Aspirin da dangoginsa suna tayar wa wasu masu asma da ciwo, propranolol na zuciya da hawan jini da ɗigon ido na timolol kuwa suna iya rufe hanya gaba ɗaya.

Idan ciwo ya tashi

A zaunar da mutum, kada a kwantar da shi. Salbutamol ta sifesa, feshi ɗaya-ɗaya, kowanne da numfashi biyar ko shida: babba da yaron da ya kai shekara shida, feshi 4 zuwa 10; ƙasa da haka, 2 zuwa 6. Ana maimaitawa kowane minti 20 a cikin awar farko. A yawancin tashin ciwo wannan ya yi daidai da nebulaiza, na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo a shaƙa, kuma ba ya jiran wutar lantarki. Wanda ba ya iya kammala jimla, ko leɓensa ya canza launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko fiton ƙirjinsa ya ɗauke alhali yana fama, a kama hanyar asibiti nan take ana ba shi feshin a mota. A can za a ba da prednisolone na 'yan kwanaki, miligiram 40 zuwa 50 a rana ga babba na kwana 5 zuwa 7. Mai COPD a sanar da ma'aikata ciwonsa, domin iskar oksijin ɗinsa ana tsayar da ita tsakanin kashi 88 da 92 cikin 100 ne, wuce haka yana iya cutar da shi.

Gwangwanin da ya ƙare yana ci gaba da fesa iska marar magani, kuma jefa shi a ruwa don a ga ko zai nutse ba ya nuna gaskiya. In ba shi da lambar ƙidaya, a yi lissafi: mai feshi 200 da ake sha biyu safe biyu yamma kwana 50 zai yi, mai 120 kwana 30. A rubuta ranar ƙarewa a jikinsa. Robar Ventolin ana cire gwangwanin a wanke ta da ruwan ɗumi duk mako, ta bushe sarai, domin ɗan ramin feshin yana toshewa. Na sitiroyid yawanci goge baki kawai ake yi da busasshen ƙyalle. Kada a bar inhela a cikin mota ko a rana, yawancinsu ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, Foster na feshi ma a firji ake ajiye shi kafin a fara amfani da shi. Na gari a rufe shi sosai da damina. Tun da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya a 2023, farashin Ventolin da Seretide ya tashi. Salbutamol ta wani kamfani mai lambar NAFDAC aiki ɗaya take yi, a dai duba lambar da ranar lalacewa.

Mai ciki ta ci gaba da inhelarta, tashin ciwo ya fi maganin haɗari ga jariri. Da azumi kuma, maganin kullum mai sau biyu yana zama daidai a sahur da bayan buɗa-baki. Malamai sun saɓa kan ko feshin rana yana karya azumi, manyan malamai da dama na wannan zamani sun ce ba ya karyawa. Ko wane ra'ayi mutum ya bi, in ƙirji ya riƙe da rana ya shaƙa a lokacin, kada ya jira magariba.